Ranar da Littattafai Suka Kori Naman Layya

Ni dai tun farko ban so a kai littattafan nan ɗakin ƙasa ba. Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji. Amma maigidana, Injiniya Muntaka, in ya sa abu a ransa ko da lasifika kike magana ba ya jin ki. Ya ce ɗakin ƙasa kaɗai ƙungiyarmu ta Hausawa za ta iya kamawa a Greenbelt, kuma akwai injin da ke zuƙe ruwa in ya taru. Na ce to in wuta ta ɗauke fa? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sailuba, nan fa Amurka ce."

Ɗakin nan shi muke kira Zauren Karatu. Tun shekarar 2001 maigidan nawa, Baban Fahad, yake tara littattafan Hausa a cikinsa. Duk wanda zai je gida, Kano ne ko Jos ko Damagaram, sai ya bi shi da roƙo har bakin mota: a rage kilishi da yaji a akwati, a bar masa gurbin littafi biyu. Mutane har tsokanarsa suke yi, suna ce masa Malam Kwastan. Da haka da haka kantoci suka cika. Akwai littattafan labarai na kasuwa masu siririn bango, waɗanda aka buga sau ɗaya aka manta da su. Akwai na koyon karatu irin na zamaninmu, da waƙoƙi cikin ajami, da tsofaffin jaridu da ya ɗinke da hannunsa, da littattafan waƙoƙin coci da 'yan'uwanmu na Filato suka kawo. Ranar Asabar yara kan zo koyon Hausa, a tambaye su da Hausa su amsa da Turanci, shi kuwa ko a jikinsa.

A 2012 Allah ya kira shi aikin Hajji. A filin jirgi mutumin nan bai ce in kula da mota ba, bai ce in kula da kaina ba. Makullin Zaure ya danƙa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai, ya ce, "Amana." Haushi ya kama ni, amma na karɓa.

Aka yi Babbar Sallah ranar Juma'a. Mu a nan gona ake zuwa can bayan gari, a yanka rago, a daddatsa, a ƙulla a leda, kowa ya kwaso nasa ya danna a firiza. Babu gidan Bahaushe a yankin nan da ba shi da doguwar firizar nan mai murfi a sama, a gareji ko a ɗakin wanki. Ranar Litinin kuma guguwar da suka sa wa suna Sandy ta iso. Iska ta yi ta kaɗa bishiyoyi, ruwa kamar da bakin ƙwarya, can sai wutar unguwarmu ta ɗauke ɗif.

Da gari ya waye na zura takalmin roba na nufi Zaure. Tun daga kan matakala na ji warin. Injin zuƙe ruwan ya mutu tare da wuta, ruwa ya hau har gwiwata. Wani reshe kuma ya fasa 'yar tagar da ke sama, ruwan sama ya yi ta kwarara a kan kantocin da ambaliyar ba ta kai ba. Kanta ɗaya ta kife gaba ɗaya. Littattafai suna yawo a kan ruwa, sun kumbura, wasu sun yi ninki biyu na kaurinsu. Na haska da fitilar waya, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan matakala na yi kuka mai isata.

Ina cikin kukan waya ta yi ƙara. Shi ne, daga Makka. Ya ga labari a talabijin. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi Fahad da ke makaranta a wata jiha.

"Zauren fa?" ya ce.

"Ruwa ya shiga," na ce. Ba na iya masa ƙarya.

"Sosai?"

"Sosai."

Na ji numfashinsa ya sauya. Mutumin da ya haura sittin, mai hawan jini, yana can cikin cunkoso. Ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Da yawansu babu wani kwafi, Sailuba. Ko a gida babu. Masu rubuta su sun rasu."

Na goge fuskata da mayafi na ce, "Alhaji, ka yi ibadarka. Ni ka ba amana, ni za ka tambaya." Na kashe wayar ba tare da na san abin da zan yi ba.

Na kira Radiyya, ƙawata mai aikin haɗa magani a Gaithersburg, wadda nake ɗauka kamar ƙanwa. Ta zo da ƙaramin janareta da kwandunan wanki. Sai muka yi abin da kowace 'yar Hausa za ta yi in abu ya jiƙe: shanya. Muka yi ta jido littattafai zuwa barandar sama, muna buɗe su muna jerawa. Rana kuwa ko alamarta babu, sai sanyi da yayyafi. Radiyya ta kunna abin busar da gashi tana hura musu zafi, ni kuma ina ɓamɓare shafukan da suka manne. Wayyo! Kowane shafi na ja sai ya biyo hannuna kamar ɗanyen ƙullu. Wanda zafi ya taɓa kuma sai ya nannaɗe ya ƙandare, tawada ta bazu. Mun kashe littattafai sun kai goma muna ganin ceto muke yi.

"Anti! Kashe wannan abin! Kashe shi!"

Constance ce, matar Mista Dung, mutanen Jos. 'Yarta Sophia tana cikin 'yan ajin Asabar. Ita kuwa aikinta ke nan, gyaran tsofaffin littattafai a wani babban ɗakin karatu a cikin birni. Ta hawo matakala da gudu, ta fizge filogin da kanta. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Maman Sophia, lafiya?" na ce. "Shanya muke yi."

"Kashe su kuke yi, Anti. Don Allah kada a ƙara buɗe ko ɗaya. A bar su a rufe yadda suke. Firiza za a sa su."

Na tsaya ina kallon ta. "Firiza? Littafi ne ko kifi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ruwa ba shi ne babban abokin gaba ba, fumfuna ce. Takarda in ta jiƙe, kafin jibi fumfuna ta fara fitowa, in kuwa ta kama littafi sai dai a jefar. Amma in ya daskare, komai tsayawa yake cak: fumfuna ba ta girma, tawada ba ta gudu, shafi ba ya ƙara mannewa. Zai iya zama a haka wata da watanni. Daga baya akwai injin da ke zare ƙanƙarar daga cikin takarda ba tare da ta narke ta koma ruwa ba.

"To a kira masu injin mana," in ji Radiyya.

"Tun safe nake kira," in ji Constance. "Manyan motocin sanyi duk sun yi arewa. Can New York da New Jersey ɗakunan karatu na gari guda ne a cikin ruwa. Wa zai tuna da ɗakin ƙasa a Greenbelt? Taimako zai zo, amma ba wannan makon ba. Mu ne za mu riƙe su da rai har ya zo."

Nan take ta hau waya da mutanen cocinsu. Kafin la'asar Mista Dung ya iso da wasu maza biyu, suka kwashi abin da firizojinsu za su ɗauka. Allah ya saka musu, ko tambaya ba su yi ba. Amma da suka tafi na waiga na ga abin da ya rage ya ninka wanda suka ɗauka. Na ce ba komai, ai mu ma muna da mutane. Gaithersburg da wuta, Sterling da wuta, firizoji kuwa gida-gida.

Na fara kira. Wallahi amsa ɗaya na yi ta samu, kamar sun haɗa baki. "Ayya Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ai da da wuri, amma kin san firiza cike take da layya." Wata ta ce ko allura ba za ta shiga tata ba. Wata ta ce za ta iya ɗaukar littafi uku in sirara ne. Uku! Na ce mata na gode, Allah ya ba da lada, na kashe waya na yi tsaki har sai da Radiyya ta firgita.

Na bar Dakta Fatihu a ƙarshe, don shi ne babban fatana. Likitan ƙashi ne a Sterling, abokin Baban Fahad tun suna jami'a, kuma firiza biyu gare shi manya-manya a gareji. A bana raguna biyu ya yanka, ya kuma shiga watandar sa. Muka gaisa, na tambayi iyali, na yi masa barka da Sallah, na yi masa jaje na iska. Sannan na faɗi buƙatata.

Ya yi gyaran murya irin ta manya. "Hajiya, abin ba daɗi. Amma littafi ai ana sake saye. Naman nan kuwa na ibada ne, ba a fitar da shi a bar shi ya lalace. In Muntaka ya dawo sai mu zauna mu ga yadda za a yi."

Ai ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"A sake saye a ina, Dakta? A wace kasuwa? Kuma wa ya ce a bar nama ya lalace? Haba Dakta! Kakarka da firiza ta ajiye naman layya a Gwarzo? Uwata da ta kai naman Sallah har Cika-ciki, wutar lantarki gare ta?"

Ina jin Dakta yana jiran in ba shi haƙuri. Ni kuwa ba haƙuri ne a raina ba, maganata ce ta dawo ta buge ni. Na dubi Radiyya, ta dube ni.

"Suya," na ce.

"Suya!" ta ce, ta buga cinya.

Dakta yana ta "Halo? Halo?" na ce masa sai anjima.

Abin kunya ne a ce mun manta. Duk cikinmu babu wadda ba ta tashi ta ga yadda ake yi ba: a tafasa nama da albasa da citta da kanumfari, a tsame, a soya shi cikin kitsensa har ya bushe ƙayau, a barbaɗe da yaji a zuba a kwalla. Ko a daka shi a yi dambu. Wata nawa yake yi ba abin da ya same shi. Muka zo ƙasar sanyi muka koyi danna nama a leda, muka ajiye hannayenmu.

Na sake bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, amma wannan karon ba roƙo na yi ba. Na ce gobe da safe kowace mace ta kwaso namanta ta kawo gidan Radiyya, da tukunyarta da matsaminta, za a yi suyar Sallah irin ta gida. Firiza kuma a wanke ta tas, a bar ta a kunne, baƙi na zuwa. Wadda ta ce tana da aiki na ce ta aiko da naman. Wadda ta fara "sai na tambayi maigida" na ce ta ba shi wayar. Ban san ko tsorona suka ji ko kwaɗayin suya ba, amma babu wadda ta ce a'a.

Saura masu jigila. Nan na tuna da Almu, mutumin Damagaram, babba a cikin direbobin da ke ɗaukar fasinja a filin jirgin Dulles. Jirage ba sa tashi, duk suna zaune a gida suna kallon bango.

"Hajiya, mi ya faru?" ya ce. Na gaya masa. Ya ce, "Littattafan Malam Kwastan? Ni ma na taɓa ɗauko mishi guda huɗu daga Yamai, sai da na bar tukuɗina a gida saboda su. A sa su cikin firigo, kin ce? To, dakor, na yarda. Motoci nawa kike so?"

Washegari aka raba aiki. Constance ta tsaya a Greenbelt da maza, suna fito da littattafai, suna naɗe kowanne da takarda mai santsi don kada su manne da juna, suna jera su a kwali ƙeya, wato gefen ɗinki, a ƙasa. Ni kuma na tafi Gaithersburg wajen wuta.

Tabɗi! Ban taɓa ganin nama irin na ranar ba. Motoci suna tsayawa, ana sauke ledoji masu tauri kamar duwatsu. Maƙwabcin Radiyya, wani dattijo Ba'amurke mai suna Alexander, ya ga muna fama da ƙananan risho, ya shiga garejinsa ya fito mana da wata ƙatuwar tukunya da murhun gas da suke soya talo-talo da shi a bikinsu na godiya. Ya bi layin ya aro mana wasu biyu. Aka jera su a bayan gida, aka ɗora ruwa, aka yi ta jefa nama da ƙanƙararsa.

Ku zo ku ga likitoci da malaman jami'a an ɗaure zani a ƙirji a kan rigar sanyi. Wata farfesar lissafi ta zauna a kan bokiti tana yankan albasa tana hawaye tana dariya. Wata ta zo da turmin da ta ɗauko tun daga Zariya, wanda ya zama abin ado a falonta, ranar ya tuna aikinsa. Da farko kowa tana gadin namanta, wannan na gidan wane ne, kada a haɗa da na gidan wance. Radiyya har ta fara ɗaura zare kala-kala a hannun tukwane. Kafin azahar komai ya cakuɗe, rago ya shiga sa, Sterling ta shiga Greenbelt. Wata ta fara ƙorafi, na ce, "Baiwar Allah, naman layya dama rabawa aka ce a yi. Firiza ce ta koya mana rowa." Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi.

Duk firizar da ta zama fanko, sai a kira Almu. Shi kuma ya tura mota Greenbelt ta ɗauki kwalaye ta kai gidan. Haka motocin haya suka yi ta zagaya babban titin da ya kewaye birni, ba fasinja sai jiƙaƙƙun littattafai a kujerar baya, an ɗaura musu bel.

Wajen la'asar Constance ta kira ni. Muryarta ba daɗi.

"Anti, na ga fumfuna a jaridun da ke kantar ƙasa. Waɗannan sun tafi, na ware su waje. Amma saura kwalaye da yawa, kuma na ajami suna ciki. Almu ya ce firizoji sun ƙare."

Na dubi tukwane, na dubi matan. Kowa ta kawo nata. Gida ɗaya ne bai zo ba, kuma kowa ya san wane gida ne. Raina ya ɓaci. Na cire zanin aiki na ce a ba ni makullin mota, yau sai na je Sterling da kaina, in ya so abotarsu da Baban Fahad ta mutu a kaina.

Ban kai bakin ƙofa ba sai ga wata babbar mota baƙa tana shigowa da baya. Hajiya Juwairiyya ce a sitiyari, matar Dakta Fatihu, mace mai sanyin hali da ba ta cika magana a taro ba. Ta fito ta buɗe bayan motar. Nama ne har rufi. Dakta yana zaune a gefen direba ya haɗe rai, ya ƙi fitowa.

"Yaya Sailuba, ki yi haƙuri mun makara," ta ce. "Sai da na wanke su duka biyun, na shimfiɗa sabon zani a ciki, tunda na ji akwai masu sunan Allah. A kai su yanzu."

Na rungume ta da hannuna mai maiƙo, na ɓata mata mayafi. Sannan na zagaya wajen tagar Dakta na durƙusa kaɗan na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Dakta, jiya na ɗaga maka murya, ka yafe ni." Ya ce ba komai, yana kallon gaba. Radiyya ta zo ta miƙa masa soyayyen haƙarƙari a faranti ta taga. Ya karɓa don kada ya kunyata ta. Ya ci ɗaya. Ya ci na biyu. Can sai ya buɗe ƙofa ya sauko, ya ce, "Rabon da in ci wannan tun Inna tana da rai." Ya goge hannu ya tambayi Almu ina ake ɗaukar kwalayen. Shi da kansa ya tuƙa motar zuwa Greenbelt, da babbar rigarsa ya shiga ɗakin ƙasan.

Kafin magariba kwali na ƙarshe ya shiga sanyi. Mu kuma muka ci gaba da suya har washegari da yamma. Kowa ta tafi da kwallarta cike, aka aika wa Mista Dung da mutanen cocinsu, aka cika wa Alexander roba har ya rasa bakin godiya. Sauran muka kai makarantar da aka tsugunar da waɗanda wutarsu ba ta dawo ba. Unguwar Radiyya kuwa ta yi mako tana ƙamshin Sallah.

Da Baban Fahad ya sauka a Dulles, ya rame, ya yi baƙi, tari yana damun sa. Bai tambaye ni labarin Zaure ba. Almu ne ya ɗauko mu, ya wuce da mu kai tsaye gidan Dakta, tunda kusa ne. Aka yi masa barka da sauka, aka kawo ruwa, na ce ya taso ya ga wani abu a gareji. Na ɗaga murfin firiza. Hayaƙin sanyi ya tashi, ga littattafansa a jere, kowanne a naɗe, farar ƙanƙara ta kwanta a kansu.

Ya daɗe a tsaye. Ya sa hannu ya shafa na sama, yana karanta sunayensu a hankali ta cikin takardar.

"Duka?" ya ce.

"Ba duka ba. Jaridun ƙasa sun tafi. Ni ma na kashe wasu da hannuna kafin Maman Sophia ta zo. Sauran suna nan, a gidajen mutane, daga nan har Gaithersburg."

"Naman mutane fa?"

"Mun cinye," in ji Dakta daga bayansa.

Baban Fahad ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya dafa bakin firiza da hannu biyu. Maza suka sunkuyar da kai. Ni dai na tsaya kusa da shi, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Littattafan nan sun yi hunturu guda a firizojin mutane. Babu wanda ya yi ƙorafi, ko da yake na san wasu sun sha wahalar ajiye kaza. Constance kuwa ba ta huta ba, ta yi ta bin ƙungiyoyin da ke taimakon ɗakunan karatun da guguwar ta ɓata, ana ce mata a jira, manya ne a gaba. Ta jira, ta sake komawa. Sai da bishiyoyi suka fara toho sannan wata jami'a ta yarda ta sa namu a injinta. Ƙungiya kuma ta samo mana ɗaki a hawa na biyu, kuma wannan karon ko Injiniya bai yi gardama ba.

Ranar da za a fitar da kashin farko, Constance ta ce mu zo mu gani. Wuri ne fari tas, shiru kamar ana jarrabawa, ma'aikata sanye da fararen riguna suna magana ƙasa-ƙasa. Shugabarsu, wata farar mace mai furfura da ake kira Olive, ta ɗauko littafi ɗaya a kan faranti ta ajiye a gaban Baban Fahad. Na waƙoƙin ajami ne, wanda na gani da idona yana yawo a kan ruwa. Bangon ya ɗan karkace, gefen ya yi tabo ruwan ƙasa. Ta ce ya buɗe.

Ya ƙi. Ya ce, "Sailuba, buɗe ke."

Na yi bisimilla na kama gefen shafin farko. Ya ɗago shi kaɗai, a bushe, ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba. Na biyu ma haka. Na uku ma haka. Rubutun yana nan raɗau, kowane wasali a wurinsa. Baban Fahad ya sunkuya ya fara rera baitin farko a hankali, amma ya kasa ƙarasawa.

Ni kuwa wani abu ya taso mini tun daga ciki, ban tsaya neman izinin kowa ba. Na kama hancina na rangaɗa guɗa, doguwa, irin wadda ban yi ba tun ina budurwa a Kano. Wani ma'aikaci ya saki abin da ke hannunsa, Olive ta dafe ƙirji, mai gadi ya leƙo da gudu. Baban Fahad ya ce, "Sailuba, ɗakin karatu ne fa!" Constance ta dube shi, ta dube ni, ta cire safar hannunta ta ajiye a kan tebur, ta karɓa mini da tata guɗar irin ta mutanen Jos.

Sai da muka gaji don kanmu, sannan na juya shafi na huɗu.